Tekawe da lemon kwalba sun kusa raba 'ya'yana da tuwo, ku ya kuke yi?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema kuma a faɗa min gaskiya ko ba daɗi. Ina koyarwa a wata makaranta wajen Tarauni, gidanmu kuma Rijiyar Zaki, kafin in tashi in samu adaidaita mu ratsa cunkoson Kabuga in biya in ɗebo yara daga Islamiyya wlh ana kiran magariba nake shiga gida. To a sati sai mu yi kwana uku ko huɗu tekawe muke ci da daddare, shinkafa da kaza ko shawarma, kowa da lemon kwalbarsa. Jiya na daure na tuƙa tuwon masara miyar kuka har da man shanu, autana ɗan shekara shida ya leƙa kwanon yace shi ba ya cin wannan, sai dai a siyo masa na cikin roba. Abin ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri. Ku masu aiki ya kuke yi da abincin dare? Sannan me kuke ba yara su sha da abinci in ba lemo ba?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Tunda kin ce a faɗa miki gaskiya Hajiya, abincin waje babu albarka a cikinsa. Ba ki san hannun da ya dafa ba, ba ki san man da aka soya da shi sau nawa aka maimaita ba. Mu gidanmu ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba, iyayenmu ma da suka fi mu wahala ba su yi haka ba.

Maman Ihsan: Na ji Malam, shi yasa na kawo maganar. Amma iyayen namu ba sa fita bakwai na safe su dawo magariba.

Hajiya Babba: Baban Sadiq ɗana, bari in gyara maka zance kaɗan. Siyan abinci a waje ba yau aka fara shi a Kano ba, ni a cikin gari na tashi kusa da Jakara kuma na haura sittin. Da asuba ake ba mu kwanon sha da langa a ce ku je gidan mai koko, ku biya ku karɓo ƙosai. Gurasa kuwa wa yake yinta a gidansa? Sai masu tanderu, tun dare suke kwaɓi, da safe ka ji ƙamshi ya cika lungu. Waina siya ake, ɗanwaken rana siya ake, alala da dambu 'yan talla ne suke shigo da su har tsakar gida. Matan kulle da wannan sana'ar suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Abin da ya canza shi ne da kwanonka kake kaiwa a zuba maka, ka san matar ka san gidanta ka san mijinta, kuma abin da take siyarwa shi ne dai irin wanda ake ci a gidanku. Tuwon dare ne kawai ba a wasa da shi, shi kam a gida ake tuƙawa. Yanzu kuwa abin da ake kawowa a roba daban, na tukunyar gida daban, dole yaro ya ɗauka na robar shi ne na gayu.

Baban Sadiq: Haka ne Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na manta da gidan mai waina na unguwarmu, kuma ni ake aika.

Anti Mai Abinci: Nagode Hajiya Babba da kika faɗi haka, don gsky maganar farko ta ɗan sosa min rai. Ni a gida nake dafawa a Hotoro, ana min oda ta waya ɗan dilibari ya kai, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara uku tun rasuwar babansu. Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba, ni mai sau ɗaya nake soya kaza da shi sai in juye shi a miyar ranar. Kuma ku sani kuɗin da kuke gani ba na abincin ba ne kaɗai, akwai roba akwai cokali akwai leda akwai na mai mashin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin kaiwa kaɗai wani lokacin ya kusa rabin kuɗin abincin, ga gas kilo ya haura dubu. Abin da nake so ki gane Maman Ihsan, ina yin tuwon shinkafa miyar taushe, ina yin dambu da zogale, ina yin alkubus da funkaso, amma mafi yawan oda soyayyiyar shinkafa da jalof ne, ku ne ba kwa tambaya. Nemi mai yi a unguwarku ki ba ta kularki da safe ki karɓa da yamma, ya fi araha kuma abinci ba ya kwanciya da zafinsa a cikin farar robar nan mai kamar soso. Legas ma tun Janairun 2024 suka hana amfani da irinta.

Maman Ihsan: Wlh ban taɓa tunanin bada kula ba. Akwai wata a bayan layinmu tana tuwo, zan mata magana.

Sista Binta: Ni ma aikin asibiti nake, wani satin ma kwana nake yi, bari in faɗa miki yadda na tsira. Ranar Asabar nake shiga 'Yankaba in siyo kayan miya na sati, a markaɗa in tafasa shi sosai har ruwan ya ƙone in soya da mai, in kin soya shi da kyau ko wuta ta yi wasa yana kwana biyu uku in kina ɗumamawa, don firiza a garin nan ba abin dogaro ba ce. Amma babban sirrin shi ne busassun kaya irin na iyayenmu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen kifi, garin ɗanwake da an riga an haɗa shi da rogo da kuka. Miyar kuka fa ba ta kai minti ashirin in ruwan ya tafasa da daddawarsa, ɗanwake kafin mai dilibari ya gano gidanki kin tsame kin yanka tumatir da albasa da ƙwai. Wake ki jiƙa da safe kafin ki fita, da kin dawo garau-garau ba ya ɗaukar lokaci, mai da yaji da ɗan salak shikenan. Kuma ba dole sai ke kaɗai ba, babbar 'yarki shekararta nawa?

Maman Ihsan: Sha uku.

Sista Binta: Ai ta isa ɗora ruwa da wanke shinkafa kafin ki iso. Maigidan ma in ya riga ki dawowa ba laifi ba ne.

Abba na Faransa: Salam iyayena da yayyena. Ni ɓangare na biyu na tambayar ne ya ja hankalina, wato me za a sha. Ina karatu a birnin Liyon na Faransa shekara ta uku kenan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne yadda suka ɗauki abin sha a matsayin rabin abinci. Su giyar inabi suke sha, ni ba na sha Allah ya kiyaye, amma na zauna da abokan karatu na ji yadda suke lissafin. Jar giya suke haɗawa da jan nama saboda tana da bauri, irin baurin da kake ji a goro ko shayin da ya daɗe a wuta, baurin nan yana yanke maiƙo sai nama bai ginshe ka ba. Fara kuma mai ɗan tsami ita suke ba kifi, kamar yadda ake matsa lemon tsami a kansa. Mai zaƙi sai a ƙarshe da kayan zaƙi. A manyan gidajen abinci har ma'aikaci na musamman suke da shi wanda aikinsa kenan, ya faɗa maka wacce ta dace da abin da ka yi oda. Sai na tuna ai mu ma muna da namu, zoɓo yana da tsami da ɗan bauri, shi yasa in ka ci tsire ko balangu ka kora da zoɓo mai sanyi kake jin bakinka ya washe. Lemon kwalba kuwa zaƙi ne zalla, da shi ake cin shawarma da shi ake cin tuwo da shi ake cin kifi, komai ya koma ɗanɗano ɗaya.

Baban Sadiq: Abba dan Allah a bar kawo zancen giya a gurup ɗin nan, akwai mata da yara. Mu nan Kano ne, kana gani Hisba tana fasa kwalabe.

Abba na Faransa: Yi haƙuri Yaya, ba tallarta nake ba wallahi. Dabarar nake nufi, ba abin cikin kwalbar ba.

Malam Na Islamiyya: Baban Sadiq a yi masa uzuri, bai ce a sha ba. Haramcin giya a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma hadisi ya tabbata cewa abin da mai yawansa yake bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, babu mai ja a nan. Amma sanin cewa tsami yana yanke maiƙo ai ba mallakin masu giya ba ne. Ni abin da ya fi damuna ma yana cikin garin nan, wato kwalaben da ake jerawa a teburin amarya da ango a wajen dina ana cewa wain ne mara giya. Mutane su riƙa karanta jikin kwalba. Iri biyu ne, akwai ruwan inabi da aka sa masa gas wanda bai taɓa zama giya ba, wannan lemo ne kawai. Akwai kuma wanda sai da ya zama giya tukunna aka cire masa barasar, irin wannan yakan rage ɗan kaɗan har zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, malamai sun yi saɓani a kansa, ni dai ina ba ɗalibaina shawara su bar shi tunda ba dole.

Amarya Zee: Innalillahi Malam, a bikina wata huɗu da suka wuce an jera su kuma ban duba ba, ƙawayena ne suka siyo.

Malam Na Islamiyya: Kada ki tada hankalinki 'yata, yawancin wanda ake siyarwa a shagunan nan ruwan inabi ne mai gas, kuma abin da mutum bai sani ba ba a kama shi da shi. Nan gaba dai a duba.

Hajiya Babba: Abba jikana ka yi magana mai kyau amma ban yarda da kai duka ba. Tuwo ba a haɗa shi da komai sai ruwa, ruwan randa ma in da hali. Miyar kuka da ta ji daddawa da man shanu in ka bi ta da zoɓo ka kashe ta, tsamin zai danne ƙamshin daddawar. Mu yadda muka taso, koko ko kunun tsamiya da ƙosai, kunun gyaɗa shi ma da ƙosai ko shi kaɗai ga mai jego, waina da miyar taushe sai a kawo kunun zaƙi, gurasa bandashe da ta sha ƙuli da yaji ita ce ta zoɓo ko lamurje. Fura kuwa ba abin kora abinci ba ce, ita kanta abinci ce, da rana ake damawa a sha a koma aiki. Yanzu sai in ga yaro ya ci shinkafa faranti guda ya ɗora fura da yogot a kai yace abin sha ne, ya za a yi ba zai yi nauyi ba.

Abba na Faransa: Na karɓi gyara Hajiya, tuwo da ruwa. Dambu fa?

Hajiya Babba: Dambu yana shaƙe mutum, dole da abin sha a kusa. Shi zoɓo ya karɓe shi, musamman in ya ji zogale da gyaɗa da mai.

Anti Mai Abinci: Ni a nan zan saɓa da Hajiya kaɗan, a yafe min. Dambu da kunun aya ya fi min, kuma kwastomomina da yawa haka suke oda. Zoɓo na fi ba mai ɗanwake da mai taliyar Hausa da manja da yaji, duk abin da mai ya yi masa yawa dai. Kifi kuma ruwan tsamiya da citta, ku gwada ku ba ni labari.

Hajiya Babba: Kunun aya da dabino da kwakwa ai ya yi kauri 'yar nan, ga dambu ga shi, ina mutum zai sa? Amma bakin kowa daban.

Ɗan Agadasawa: Ba wanda ya ambaci kilishi, mu da muke unguwar masu shi. Kilishi shayi yake so, baƙi mara madara da ɗan citta da kanumfari, da daddare. In ka sha lemo mai gas a kan yajin kilishi ƙara hura maka wutar yake. Wanda yaji ya dame shi ya nemi kindirmo, shi yake kwantar da shi ba ruwa ba.

Sista Binta: Maganar kindirmo gsky ce, abin da ke sa barkono zafi a maiƙo yake narkewa shi yasa nono ya fi ruwa kashe shi. Amma bari in sa baki ta ɓangarenmu na asibiti don kada a tashi da cewa duk abin da aka yi a gida lafiya ne. Ƙaramar kwalbar lemon kola 35cl tana da suga wajen cokalin shayi 9, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma shawararta babba kada ya wuce kamar cokali 12 a yini gaba ɗaya har da na shayi da na koko, na yaro kuma bai kai haka ba, kun ga yaro ɗan shekara shida da kwalba guda kusan ya gama nasa na ranar. To amma na sha ganin mace ta dafa zoɓo ta juye masa suga gwangwani biyu da filebo kala uku, wannan da lemon duk ɗaya. Ki sa abarba ko ɓawonta da citta da kanumfari, ki jiƙa dabino ki markaɗa a ciki, sugan kaɗan. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai ciki su yi magana da likitansu kafin su mayar da shi na kullum. Shayi kuma a daina ba yara shi a kan abinci, baurin nan da Abba ya faɗa yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, a bari a yi kamar awa ɗaya tukunna, mu da muke fama da ƙarancin jini a yara da mata.

Sannan dan Allah a kula da na ƙullawa a leda da na jarka da ba a san inda aka yi ba. Ba mu manta 2021 ba gab da azumi, lokacin da aka siyar wa mutane wani sinadari da sunan ɗan tsami aka haɗa abin sha da shi, mutane suka riƙa fitsarin jini, ɗaruruwa aka kwantar a asibitocin Kano kuma an rasa rayuka, sai da NAFDAC ta shigo. Wanda ya ga marasa lafiyar nan ba zai ƙara siyan garin lemo a buhu mara suna ba. Tsamiya tana nan, lemon tsami yana nan a 'Yan Lemo, me za a yi da ɗan tsami.

Baban Sadiq: Kun ga abin da nake faɗa tun farko kenan, na waje ba tabbas.

Anti Mai Abinci: Malam ai wasu a gidajensu suka haɗa wancan, daga kasuwa aka siyo garin. Magana ce ta sanin abin da ka zuba da wanda ka siya a wajensa.

Ɗan Agadasawa: Abin da ke ba ni takaici, ku je Dawanau ku ga buhunan zoɓo da ake lodawa a manyan motoci, daga Jigawa da Kano ake tarawa a kai shi har Meziko, can suna dafa shi su sha da abincinsu kamar yadda muke yi. Su suna biyan dala su siya, mu yaranmu suna ganin abin ƙauye ne.

Amarya Zee: Ni tambayata kunun aya, duk sanda na yi kafin yamma ya yi tsami ya fara kumfa. Me nake yi ba daidai ba? Kuma Malam in ya yi hakan ya halatta a sha?

Malam Na Islamiyya: Ya zo a Sahihu Muslim ana jiƙa wa Annabi SAW zabibi ya sha ranar da gobe har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. Wato jiƙo halal ne matuƙar bai kai ga bugarwa ba. Kunun ayan da ya kwana ya yi kumfa ya canza wari ki zubar kawai, ko ba don hukunci ba don cikinki.

Hajiya Babba: Amarya aya ba ta son zafi ko kaɗan. Ki wanke ta sosai ki tsince duwatsu, ki jiƙa, ki kai markaɗe da sassafe kafin injin ya yi zafi kuma a wanke injin, in an markaɗa kayan miya kafin naki to ya lalace tun a can. Da ƙanƙara za ki tace ba da ruwan famfo ba, kuma kada ki sa hannu a ciki, ludayi mai tsabta. Ki yi daidai wanda za a shanye a ranar.

Maman Ihsan: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na kai wa matar bayan layinmu kula ranar Litinin da Laraba, tuwon shinkafa miyar taushe, kuɗin bai kai rabin abin da muke kashewa a shinkafa da kaza ba. Talata Ihsan ta ɗora ruwa na dawo na jefa ɗanwake, na yi zoɓo da abarba da dabino tun daren Litinin na sa a gorunan ruwa. Auta ya ci ɗanwaken sosai ya sha zoɓo kofi biyu, da farko ya tambayi lemo nace babu, ya yi kuka kaɗan ya haƙura. Miyar kuka dai har yanzu ya ƙi, na zuba masa jiya ya ci tuwon da man shanu kawai ya bar miyar. Ranar Juma'a babansu ya siyo tsire, shawarma kuma mun ce sai ƙarshen wata.

Hajiya Babba: Madalla 'yata. Kukar ki rage mata kauri ki sa masa nama ko kifi a kai ya gani da idonsa, kuma ku ci a faranti ɗaya da shi kada ki ware masa nasa.

Maman Ihsan: To Hajiya, zan gwada daren yau insha Allah. Anti Mai Abinci ruwan tsamiyar nan na kifi, tsamiyar jiƙawa ake ko dafawa?

Anti Mai Abinci: Jiƙawa da ruwan ɗumi kamar awa ɗaya, ki murje ki tace sau biyu saboda yashi, sai ki daka ɗanyar citta ki zuba. In ta yi tsami da yawa ƙara ruwa, kada ki ƙara suga.